Sarkin Faci da Birkin Kekuna Shida

Akwai wani mai gyaran keke a wani ƙauye da ke kwance a gindin duwatsu, ana ce masa Sarkin Faci. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka bi shi da shi.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya aikinsa. Shekara talatin da ɗoriya yana ƙarƙashin bishiya ɗaya, da kwanon ruwa na neman huji, da famfo, da sifanu a cikin tsohon buhu, da gwangwanin baƙin mai mai dogon baki. In ya yi wa cubu faci, cubun zai mutu facin na nan daram.

Amma iyawa in ta hau kan mutum sai ta zama ciwo. Sarkin Faci ba ya gyara maka keke sai ya fara gyara maka zama. "Wane jakin ne ya ɗaure maka wannan?" Haka yake gaida mai kawo aiki. Kuma yana da magana ɗaya da yake ji da ita kamar shi ya ƙago ƙarfe: "Ƙarfe in ya yi kuka, ƙishirwa yake ji." Sarƙa ta yi ƙara, mai. Feda ta yi ƙara, mai. Ƙyauren ɗakinsa ma har ɗiga yake yi.

Sai wata shekara baƙi suka fara zuwa duwatsun. Mutane ne da Allah ya hore wa motoci, suka ajiye motocin a ƙasa, suka zo suna hawa dutse da keke. Ba itace suke ɗaukowa ba, ba buhu, ba jarkar ruwa. Su hau suna haki kamar an koro su, su gangaro suna ihu, su sha ruwa, su sake hawa. Ga wando ya ɗame su kamar fenti aka shafa musu, ga hular kwano a ka. Wahalar da mutanen ƙauyen suke roƙon Allah ya yaye musu, ita waɗannan suka taso takanas suka zo nema.

Abu kamar wasa, sai ga su sun kafa ƙungiya. Suka bi tsofaffin hanyoyin jakuna suka share, suka kawar da duwatsun da za su kawu, suka shafa fenti a jikin waɗanda suka ƙi, don mai keke ya san inda zai bi. A ƙarshen hanyar, daidai inda gangara ta ƙare, suka gina shago: rufin kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, har da benci. Suka ce mutum ɗaya daga ƙauyen za a ba makullin, shi zai riƙa kula da kekunan haya, shi zai riƙa gyara na baƙi.

Tun ranar da aka kafa ƙofar nan Sarkin Faci bai sake ganin bishiyarsa da daraja ba. Shekara talatin ruwa na dukansa, tsuntsaye na yi masa kashi a kan sifanu. Makullin nan yake so, kuma a ganinsa ba so ba ne ma, haƙƙinsa ne da aka yi jinkirin kawowa.

To, a gidansa akwai surukinsa, mijin autarsa. Mutum ne magidanci, ya doshi arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shekara bakwai ya yi a birni yana aiki a shagon irin waɗannan kekunan, shagon ya rufe, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa biyu suka dawo, aka ba su ɗaki a gidan. Ba shi da yawan magana. In zai taɓa keke sai ya sa safar hannu, don haka Sarkin Faci ya sa masa Mai Safa.

"Mai Safa, zo ka buga famfo. A hankali, kar hannun amarya ya yi kanta."

Iyakar aikin da yake ba shi ke nan, buga famfo. Shi kuwa sai ya ce, "To, Baba," ya buga.

Ana saura kwana uku a buɗe hanya, shugabar ƙungiyar ta zo da mota ɗauke da kekuna shida. Mace ce doguwa, mai magana a taƙaice, kowa Shugaba yake ce mata. Aka sauke kekunan a tsakar gidan Sarkin Faci. Tayoyinsu kamar na babur, ba kariya, ba ƙararrawa, kuma ba robar birki a jikin gare irin wadda ya saba gani. A maimakonta, wani ɗan faifan ƙarfe ne a tsakiyar kowace ƙafa.

"Baba, waɗannan su ne na hayar," in ji Shugaba. "A duba mana su tas. Ran Asabar baƙinmu za su hau. In sun sauko lafiya, makulli naka ne. Amma ka taɓa gyara irin wannan birkin?"

Sarkin Faci ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yata, tun ba a yi auren uwarki ba nake ɗaure birki."

"An ce surukinka ya yi aikinsu a birni."

"Wa? Wannan?" Ya nuna shi da leɓe. "Famfo ya iya. Shi ma sai na tsaya a kansa."

Shugaba ta dubi Mai Safa. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Ta shiga motarta ta tafi.

Washegari Sarkin Faci ya kifar da keke na farko, ya juya ƙafar, ya matse birki. Sai faifan ya saki wata ƙara siririya mai shiga haƙori. Ya gwada na biyu, haka. Na uku ma haka. Ya yi murmushi irin na likitan da ya gane ciwo tun daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu wajen gwangwaninsa.

Mai Safa ya matso ya durƙusa. "Baba, a gafarce ni. Wannan faifan ba ya son mai."

"Ba ya so? Shi ya faɗa maka? Da wane yare?"

"Ƙurar hanya ce, Baba, kuma sun ɗan karkace a mota. In an goge da tsumma mai tsabta aka daidaita, ƙarar za ta ɗauke. Amma ko ɗigo ɗaya na mai ya taɓa shi, ba zai sake kamawa ba. Sai dai a sake abin da ke matse shi gaba ɗaya."

"Ka ji ɗan birni. To da ka iya haka, me ya rufe shagon naku? Ni dai tawa bishiyar ba ta taɓa rufewa ba."

Mai Safa ya ce, "Haka ne, Baba. Ni dai in an yarda, in goge su da kaina. Ba sai kowa ya ji ba."

"A gidana kake kwana, a gidana kake ci, yanzu kuma a gidana za ka buɗe makaranta? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Amma duk yinin ranar bai yi nisa ba, yana ta kewaya kekunan kamar kaza mai ƙwai, har Sarkin Faci ya kasa taɓa gwangwanin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa tsohon ya san maganar na da ƙamshin gaskiya. Mai gaskiya ba ya jiran a juya baya.

Ran Juma'a da hantsi Sarkin Faci ya kira shi. "Je ka cikin gari ka sayo cubu da sholisho. Kar ka sayi na bakin tasha, ka shiga can ƙarshen kasuwa." Alhali akwai cubu a ɗaki, sholisho ma ko rabi bai yi ba.

Mai Safa na ficewa, Sarkin Faci ya jera kekunan nan shida a tsakar gida. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, yana ɗiga baƙin mai a kan faifai yana juya ƙafa. Ƙara ta ɗauke ɗif. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonsu.

Matarsa tana bakin murhu tana wanke tukunya. Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta taɓa sayen tulu ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Malam, ba wannan ne mijin Auta ya ce kar a sa wa mai ba?"

"Ke da ko feda ba ki taɓa takawa ba, me kika sani?"

"Ban taka ba. Amma na san ba a zuba mai a bakin rijiya inda ake dasa ƙafa. Abin da aikinsa riƙewa ne, me ya haɗa shi da santsi?"

"Ji da tukunyarki."

"Ina ji da ita. Ita dai ba ta da gangara."

Ya tura kekunan cikin ɗakin ajiya, ya datse, ya jefa makulli a aljihu. Da Mai Safa ya dawo da la'asar ya tambayi kekuna, sai tsohon ya ce masa an gama, ba a buƙatar safa.

Asabar da sassafe motar ƙungiya ta zo. Sarkin Faci ya aiki surukinsa ɗebo ruwa, kafin ya dawo an loda kekuna biyar an yi sama da su. Waɗanda za su hau su ba gwanayen nan ba ne masu ihu, su suna da nasu kekunan. Baƙi ne da aka gayyato don buɗe hanya: malaman makaranta biyu, wata ma'aikaciyar jinya, wani tela da wani mai kanti. Mutanen da rabonsu da keke tun suna yara. An gaya musu su jira a can ƙololuwa, ƙarfe goma daidai su fara gangarowa ta hanya mai sauƙi. Agogo aka ba su don waya ba ta kamawa a bayan dutsen.

Keke na shida kuwa aka bar wa Sarkin Faci. Shugaba ce ta so ta girmama shi. Ta ce dattijon gari ne zai fara gangaro ɗan guntun hanyar da ke ƙasa, daga babban dutse zuwa ƙofar shago, kowa na gani, sannan a miƙa masa makulli idan sauran sun iso.

Ya sa sabuwar riga. Ya tura keke ya nufi babban dutse, Mai Safa na biye da shi riƙe da hular kwano. Gari kaf ya taru a ƙasa, har da waɗanda ya taɓa kira jakuna.

Suna isa, rana ta haska faifan gaba, ya yi wani ƙyalli. Mai Safa ya tsaya cak. Ya cire safa, ya shafa yatsa a jiki, ya ɗago. Baƙi ƙirin.

"Baba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Don girman Allah kar ka hau."

"Sakar mini keke."

"Matsa birkin ka tura, Baba. Ka gani da idonka."

Sarkin Faci ya matsa, don ya kunyata shi. Ya matse iya ƙarfinsa ya tura. Ƙafar ta ci gaba da juyawa sumul, kamar ba a taɓa ta ba.

Ya ji. Kar wani ya ce bai ji ba. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaure birki ya san birkin da ya mutu tun daga yatsunsa. Ya dubi gangara, ya dubi kwanar da ke ƙasa inda aka jera katangar duwatsu a bakin gona, ya dubi jama'a sun ɗaga wayoyi suna tafi.

"Baba, ka ce taya ce ta sace," in ji Mai Safa da sauri. "Ka ce ni ne ban buga ba. Ka zage ni a gabansu, ba komai, na saba. Mu sauka a ƙasa."

Ga ƙofa an buɗe masa har da shimfiɗa. Amma shiga ta nan yana nufin daga yau akwai mutum ɗaya a duniya da ya san Sarkin Faci ya yi kuskure, kuma mutumin a gidansa yake kwana.

"Baba, sauran biyar ɗin fa? Su ma an sa musu?"

Sarkin Faci ya kawar da kai. Ya ture hular kwanon da aka miƙo masa. "Kai wa Auta ta yi awo da ita." Ya ɗaga ƙafa ya haye.

Taku goma na farko ya yi kyau, har da ɗaga hannu ɗaya. Daga nan keke ya karɓi ragamar kansa. Ya matse birki biyu, faifan ya saki wani kuka da ya fi na da sau goma, amma ko gezau. Sabuwar riga ta cika da iska ta rufe masa rabin fuska. Ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa, takalmin dama ya tafi, na hagu ya bi shi. Jama'a suna ta tafi, sun ɗauka gwaninta ce.

Da ya iso kwana, hanya ta juya, shi bai juya ba. Ƙafar gaba ta daki katanga, keke ya tsaya, Sarkin Faci ya wuce. Ya tashi sama kamar an wurga buhu, ya sauka a kan tulin takin da mai gonar ya tara.

Dariya ta fara tashi, don ba wanda zai ga haka ya iya riƙewa. Sai da aka ga yadda hannunsa na dama ya lanƙwashe a wuyan hannu, sannan wuri ya yi tsit.

Aka ɗauko shi aka kwantar a inuwar shagon, a kan simintin da ya yi ta mafarki. Mai Safa ya iso a guje yana haki, ya tallafe masa kai. Shugaba kuwa wajen keken ta fara zuwa. Ta shafa faifan, ta shinshina yatsanta, ta dawo ta tsuguna a gabansa.

"Baba, mai ne wannan. Ba faɗa zan yi ba, ba lokacinsa ba ne. Tambaya ɗaya ce. Wannan keken kaɗai aka sa wa, ko har da na sama?"

Ƙarfe goma saura minti ashirin da biyar. Mutum biyar suna can sama suna duba agogo. Sarkin Faci ya san haka sarai. Ya kuma san in ya ce ɗaya ne, za a iya cewa tsautsayi ne, mai ya ɗiga daga sarƙa. In ya ce shida, makulli ya tafi.

"Wannan kaɗai ne," ya ce. "Ɗiga ya yi."

"Ka tabbata, Baba?"

"Da girmana zan yi miki ƙarya?"

Mai Safa ya buɗe baki, ya dubi tsohon da ke kwance a cinyarsa cikin taki da ciwo, a gaban gari kaf, ya kasa. Shugaba ta sauke ajiyar zuciya. Aka shiga neman tsumma da itacen ɗauri, wannan ya ce a kira mai ɗori, wancan ya ce a kai asibiti. Minti goma suka tafi a haka.

Sannan matarsa ta iso. Ƙafa ta yi mata nauyi, sai a lokacin ta ratso jama'a. Ta dubi hannun, ta dubi keken, ta ji wata mata na cewa an gode Allah da ɗaya ne kawai.

"Ɗaya? Wa ya ce ɗaya?"

"Shi ya faɗa, Inna."

Ta juyo ta dube shi. Shekara arba'in tana rufa masa asiri, ta rufa na rowa, ta rufa na baƙar magana. Ya ɗan girgiza mata kai.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Shida ka jera a tsakar gida. Gaba da baya ka bi su, ina zaune ina kallo." Ta ɗaga murya. "Duk ya zuba musu! 'Ya'yan mutane ne a can sama!"

Mai Safa ya zare cinyarsa, kan Sarkin Faci ya bugi siminti, ba wanda ya ce sannu. Hanyar mota zagaye take yi, rabin awa ce. Ya yar da takalmansa ya kama hanyar awaki, wadda take miƙewa sama sak ta cikin ƙaya. Gwanayen keke biyu suka bi bayansa, kafin su kai babban dutse ya ɓace musu.

Daga nan kowa ya juya wa shago baya. Gari kaf ya ɗaga kai yana kallon dutse, wasu na salati, wasu sun ɗora hannu a ka. Mai riƙe da itacen ɗauri ma ya ajiye ya tafi kallo. Sarkin Faci na kwance shi kaɗai, ƙudaje na bin rigarsa.

Kuna tsammani addu'a yake yi wa mutanen nan? Ina. Yana kwance yana tsara yadda zai ce birkin ne tun asali na banza, kuma tsohuwa idonta ya fara rauni.

Ƙarfe goma ta yi. Ta wuce da minti biyar, ta wuce da goma. Ba keke ko ɗaya a kan hanya.

Can sai wani ya nuna da hannu. Ga mutane suna saukowa a ƙasa, a hankali, suna tura kekuna. Huɗu ne ke turawa. Na biyar yana goye a bayan wani.

Da suka iso aka ji yadda aka yi. Ɗaya daga cikin malaman, uban 'ya'ya huɗu, shi ya fara tasowa da goma ta cika. Mai Safa ya ɓullo daga cikin ƙaya daidai kwanar farko, inda gefen hanya rami ne mai zurfin gaba uku, ya hango shi tafe yana matsar birki yana kiran sunan Allah. Ba lokacin magana. Ya tare shi da ƙirjinsa, suka zube tare ta ɓangaren dutse. Malamin ya karye a idon sawu. Mai Safa ya fashe a goshi, tafin ƙafafunsa duk ƙaya. A haka ya miƙe ya yi ta ihu har sauran huɗun suka diro daga kekunansu.

Da minti goman nan da ƙarya ta cinye suna hannunsa, da ya same su duka a tsaye suna duba agogo.

Aka sa malamin a mota. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaure wa Mai Safa goshi, sannan, don aikinta ne, ta zo ta ɗaure hannun Sarkin Faci ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Shugaba ta tsaya a kansa.

"Baba, da ka zuba mai, rashin sani ne. Da ka ce mini shida ne, wallahi da na sayi sababbin birki, na haɗa ku kai da surukinka a shagon nan, ya nuna maka, ka nuna masa. Haka na yi niyya tun farko. Amma na tambaye ka sau biyu."

"Birkin ne na banza," in ji Sarkin Faci. "A zamaninmu..."

Ba wanda ya tanka. Ba abin da ya kai wannan ciwo ga mai son a yi musu da shi.

Ta ciro makulli ta miƙa wa Mai Safa. Ya tsaya, jini na tsattsafowa ta tsumma, ya dubi surukinsa, hannunsa ya ƙi miƙuwa.

"Karɓi," in ji tsohuwar. "Kunyar nan taka ma yau ta kusa kashe mutum. Da ka buɗe baki ɗazu, da ba a goyo kowa ba. Karɓi, ka bar kallonsa."

Ya karɓa da hannu biyu.

Wata uku hannun Sarkin Faci na rataye. Ya warke a ɗan karkace, amma yana riƙe sifana. Mai Safa ya zo har sau biyu ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai benci a shago, akwai inuwa." Sarkin Faci ya ce shi ba ya zama ƙarƙashin yaro. Ya kwashi buhunsa ya koma gindin bishiya, ya shimfiɗa kaya, ya cika kwano da ruwa. A ransa yana cewa su je can da kekunansu na 'yan gayu. Kekunan ƙarfe na gari, masu ɗaukar buhu da itace, ai dole nan za su dawo.

Mutane suna wucewa suna gaishe shi. "Sannu da hutawa, Sarki. Ya hannu?" Gaisuwa cikakkiya, ba wanda ya yi masa rashin kunya. Su gaishe shi, su ci gaba da tura kekunansu su yi wajen shago.

Ran nan sai ga wani dattijo mai kai gawayi kasuwa, sa'ansa ne, tare suka tashi. Yana tura kekensa, tayar baya ta kwanta. Sarkin Faci ya gyara zama, ya jawo kwanon ruwa.

"Kawo nan, tsohon banza. Ƙaya ce ko ƙusa?"

"Ƙaya ce. Zan dai ƙarasa da shi can."

"Can? Faci ne fa. Har faci?"

"Har faci."

"Hannun ya warke, ga shi, duba." Ya ɗaga yana juyawa.

Mai gawayi ya tsaya, ya share gumi da bakin rigarsa. "Na gani, Sarki. Ba wanda ya ce hannunka bai iya ba. Amma kullum da buhu uku nake gangaro dutsen nan. In na tambaye ka, lafiya keken yake, ka ce mini lafiya, to wa kuma zan je in tambaya?"

Ya kama kan kekensa ya ci gaba da turawa.

Darasi: Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa da shi aka haife shi, kuma tambaya ɗaya ke maganinsa. Abin kunya shi ne a nuna maka ka ƙi gani, ka yi ɓarna, sannan ka rufe ta da ƙarya alhali ran wasu na rataye a bakinka. Gwaninta in ta karye tana ɗoruwa, amana in ta karye ba mai ɗori. Kai kuma mai kunya, ka sani akwai ranar da shiru laifi ne, ko gaban wa kake. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fi ƙarfin a gyara masa, ko da zai ji haushinku.